Madubin hangen taurari mai bakin milimita 70: abin da ke jikin kwali da abin da ido zai gani

Yawancin ƙananan madubban da ake saya wa yara da masu koyo suna zuwa a kwali mai ɗauke da hoton gajimaren taurari ja da shuɗi, irin wanda finafinai da hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka saba mana da shi. Wannan hoton ba aikin madubin ba ne. Irin wannan hoto aikin manyan madubai ne: madubin James Webb da aka harba sararin samaniya a Disamba 2021 faɗinsa mita 6.5 ne, yana kama hasken da ido ba ya gani, sai masana su sa masa launi daga baya. Shi kuwa idon mutum ba ya rarrabe launi idan haske ya yi rauni, shi ya sa gajimaren taurari na Orion yake fitowa toka-toka kamar hayaƙi a ƙaramin madubi.

Babbar yaudarar tana kan lambar "525x" da ke jikin kwalin, wato wai madubin zai ƙara girman abu ninki 525. Ana samun girman abu ne ta raba tsawon madubin, milimita 700, da lambar ƙaramin gilashin da ake sa ido. Gilashi mai milimita 20 zai ba ka ninki 35, mai 10 ninki 70. Iyakar da wannan madubi zai iya ɗauka kusan ninki 140 ne, wato faɗin bakinsa sau biyu. Gilashi mai milimita 4 da bututun Barlow, wanda ake ƙarawa don ya ninka girman sau uku, su ke haɗa 525 ɗin, kuma dishi-dishi kawai za su ba ka. A bar su a kwali.

A ninki 70 kuwa madubin ya cancanci kuɗinsa. Ramukan wata suna fitowa tas, musamman daren da wata yake rabi, a kan iyakar haske da duhu inda inuwa take da tsawo. Za ka ga watanni huɗu na duniyar Mushtari da Galileo ya gano a 1610, da zoben duniyar Zuhal ƙarami amma a bayyane. Kaza da 'ya'yanta sun fi kyau a ninki 35.

Ƙafafunsa ne raunin gaske: siraran alminiyam ne, ana taɓa madubin hoto ya yi ta rawa. Kada a zaro su duka, a rataya abu mai nauyi a tsakiya. Ƙaramin madubin saiti da ke manne a jikin babban kuma da rana ake daidaita shi a kan wani abu mai nisa, in ba haka ba ko wata ba za ka kama ba. A ba ido minti 20 a duhu, ban da kallon waya. Kada a taɓa juya madubin ga rana, take yake ƙona ido.