Rumfar tsafta ko ɗakin tsafta: amsa ga Hajiya mai ɗura garin zogale

Assalamu alaikum. Hajiya, kin faɗa wa ƙungiya cewa kina sarrafa garin zogale a nan Yamai, kina kuma shirin fara ɗura shi a kafso, sai wani ya ba ki shawarar sayen rumfar tsafta, wani kuwa ya ce sai kin gina cikakken ɗakin tsafta, wanda masu sana'a a nan suka fi sani da sunansa na Faransanci, salle blanche. Tun da aikina haɗa na'urorin sanyaya ɗaki da tace iska ne, bari in jera miki su biyun gefe da gefe.

Awo ɗaya ake yi musu duka, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 14644-1, wadda ta fito a 1999 aka kuma sabunta ta a 2015. Ta kasa tsaftar iska aji tara gwargwadon yawan ƙwayoyin ƙura a kowane kubik mita. Idan aka ƙirga ƙwayoyin da suka kai rabin maikuron zuwa sama (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), aji na 5 bai yarda su wuce 3,520 ba, aji na 7 ya tsaya a 352,000, aji na 8 kuma a 3,520,000. Kaurin silin gashi ɗaya yakan kai wajen maikuron 70, saboda haka ƙurar da ake magana a kanta ba wadda ido yake gani ba ce. Matatar iskar ma iri ɗaya ce a wurare biyun, wato HEPA, wadda take riƙe kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikuron 0.3.

Rumfar tsafta dai sunanta ya bayyana ta. Ginshiƙai ne na ƙarfe ko alminiyam, an zagaye su da labulen roba mai garai-garai, a rufinta kuma an ɗora akwatuna masu fanka da matata waɗanda suke zuƙo iskar ɗakin, su tace ta, su sauko da ita kan teburin aiki har ta fice ta ƙarƙashin labule. Cikin 'yan kwanaki ake kafa ta, ana iya kwance ta a kai wani gida idan haya ta ƙare, kuma kuɗinta da wutar da take ci ba su kama ƙafar na ɗaki ba. Sai dai baƙuwa ce a cikin ɗakin da aka ajiye ta: zafinsa shi ne zafinta, laimarsa ita ce laimarta, ƙurarsa kuma matatarta ce za ta haɗiye.

Ɗakin tsafta kuwa gini ne da aka tsara tun daga ƙasa har sama domin wannan aiki. Bangonsa sumul yake ba tsaga, daɓensa na roba ne ko fentin efoksi mai lanƙwasa a kusurwa don kada datti ya maƙale, kuma yana da na'urarsa ta kansa mai daidaita sanyi da laima da yawan sauyin iska. Babban abin da ya raba shi da rumfa shi ne matsin iska. Ana turo masa iska fiye da wadda take fita, ta yadda duk lokacin da aka buɗe ƙofa iskar ciki ce take tunkuɗo ta waje, kuma ka'idar haɗa magani ta Tarayyar Turai ta nemi bambancin akalla faskal 10 (faskal ma'aunin matsin iska ne) tsakanin ɗakuna masu aji daban. Idan kin liƙa siririyar takarda a bakin ƙofar irin wannan ɗaki, za ki gan ta tana karkata waje kullum. Kafin a shiga kuma akwai zaure mai ƙofa biyu, inda ma'aikaci yake sauya tufafi ya rufe kai da baki, domin mutum shi ne babban mai kawo datti a irin waɗannan wurare.

Yanayin Yamai ne yake sa in ja kunnen duk mai son rumfa. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana ɗauko mana lallausar ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma ba tagar da take gagararta. Na taɓa zare matatar farko, wato mai tare manyan ƙura kafin iska ta kai ga HEPA, ta wata rumfa da aka kafa a ɗaki mai tagogin luba, bayan makonni kaɗan na hazo, na tarar farin ƙyallenta ya koma jawur kamar an turmusa shi a ƙasa, iskar da take saukowa kuma ta yi rauni har labulen ya daina motsi. Mai wurin ma yana kunna fankar sama saboda zafi, ita kuwa tana kaɗa labulen tana cusa ƙura ta ƙasa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, rumfa ba ta da abin da za ta yi wa ma'aikaciyar da take gumi a cikin riga da safar hannu. Da damina kuma kafso yakan yi laushi ya manne idan laima ta yi yawa, da hunturu ya bushe ya riƙa fashewa. Ɗakin tsafta yana maganin duk wannan, amma da sharaɗin wuta ba ta yankewa, domin da zarar fankokinsa sun tsaya matsin ya tafi, don haka janareta da man da zai sha suna cikin lissafinsa tun ranar farko.

A ganina, Hajiya, aikinki bai kai ga ɗakin tsafta ba tukuna. Kafso na zogale abin haɗiya ne, ba a neman ya zama babu ƙwayar cuta ko ɗaya kamar ruwan allura ko maganin ɗigawa a ido, waɗanda su kam rumfa ita kaɗai ba ta isa ba, tilas wurin ɗurawarsu ya kasance a tsakiyar ɗakuna masu aji. Abin da ya dace da ke shi ne ɗaki na yau da kullum da aka toshe tagoginsa, aka yi masa tayil da fenti mai wankuwa, aka sa na'urar sanyi da ƙaramin zauren sauya kaya, sannan a kafa rumfar a kan teburin ɗurawa kaɗai. Niƙa da tankaɗe su tsaya a wani ɗaki dabam mai fankar zuƙe gari zuwa waje, domin garin da kansa ƙura ne, kuma rumfa mai huro iska watsa shi za ta yi cikin ɗaki. Kada kuma ki ɗauka matatar iska za ta kashe ƙwayoyin cutar da suka shigo tare da ganyen tun daga wurin shanya. Wannan sai gwaji, kuma LANSPEX, cibiyar gwaje-gwajen lafiya ta ƙasa da take nan Yamai, tana yin irinsa.

Idan mai sayarwa ya ce miki rumfarsa aji na 5 ce, ki tambaye shi a wane hali aka auna, domin ƙa'idar ta bambanta awon wuri babu kowa da awon lokacin da ma'aikata suke tsaka da aiki. Ki sa a cikin yarjejeniya cewa zai zo da na'urar ƙirga ƙura ya auna a ɗakinki bayan kafawa, ya kuma bar miki matatun farko na canji da za su kai ki ƙarshen hunturu.