Hodar kama guba a abincin kaji: inda take aiki da inda take gazawa

Kusan kowane shagon magungunan dabbobi yana da ita yanzu, a buhu ko a ƙulle kilo ɗaiɗai, masu kiwo kuma na kiranta toksin bainda. Aikinta ta riƙe gubar funfuna a hanjin kaza tun ba ta shiga jini ba, su fita tare a kashi. A ganinmu ta cancanci kuɗinta, muddin mai saye ya san iyakarta.

Gubar da ta fi addabar kajinmu ita ce aflatoksin, wadda funfunar Aspergillus flavus ke saki a ƙulin gyaɗa da masarar da aka ɗure a buhu ba ta gama bushewa ba. Ita ta kashe talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960. Sai dai ɓarnarta ta yau da kullum a ɓoye take. Tana lalata hanta, tana kuma tsotse bursa, wato 'yar jakar da ke saman duburar tsako inda garkuwar jikinsa ke ginuwa. Shi ya sa za a ba kaji rigakafin cutar Gumboro da Lasota, wato na cutar Newcastle, a kan lokaci, amma cuta ta shigo ta kwashe su, a ɗora wa rigakafin laifi. In an feɗe mushen, sai a ga hanta ta kumbura, ta koɗe ta yi rawaya, tana dagargajewa a hannu.

Mafi yawan wadda ake sayarwa da arha yumɓun bentonait ce. A kan aflatoksin tana aiki sosai, a nan ba mu da ƙorafi. Amma masara na ɗauke da wasu gubobin, irin su fumonisin da T-2, yumɓu kuwa da kyar yake riƙe su. Masu tsada irin Mycosorb na Alltech, da aka haɗa da ɓawon ƙwayar yis, ko Mycofix mai sinadaran da ke wargaza wasu gubobin, sun fi faɗin aiki. Don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin buhu. Hodar da aka ƙulla a farar leda ba suna ba bayani, mu dai ba mu yarda a saya ba.

Wajen gauraya ne mutane suka fi yin asara. Yawancin kamfanoni na cewa kilo 1 zuwa 2 a tan ɗaya, wato giram 100 zuwa 200 a abinci mai kilo 100. Wannan ɗan abu in aka watsa shi kai tsaye a tulin abinci, wasu kaji su ci da yawa, wasu ko ƙura ba za su samu ba. A fara cakuɗa shi da dusa kamar kilo 5, sannan a juye a cikin sauran a yi ta juyawa da shebur. Kada a ƙara awo don neman tsaro, domin yumɓu in ya yi yawa yana iya riƙe bitamin da wasu magunguna. Musamman in ana ba kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta na tailosin ta baki, a tuntuɓi likitan dabbobi, saboda bentonait na rage ƙarfinsa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne masu sayen ruɓaɓɓiyar masara da arha suna cewa ai akwai hoda. Ba za ta iya ba. Hodar na rage guba ne kawai, kuma ba ta gyara hantar da ta riga ta lalace. Irin waɗannan kajin sai an sauya musu abinci, a tallafa musu da bitamin E da seleniyam. Dafawa ko shanya masarar a rana ma ba ya kashe aflatoksin. Danshin masarar da za a ajiye kada ya wuce kashi 13 cikin 100, buhuna a kan katako, nesa da bango. Wanda ke noma tasa masarar kuma zai iya watsa Aflasafe a gonarsa, wato maganin rage aflatoksin na cibiyar binciken noma ta IITA, kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin ta fitar da fure.