Canza baƙin mai ko gyara hita: wanne ke tada injin gas da sanyin safiya?

Alhaji, ka ce tsohuwar Hilux ɗinka mai shan gas ba ta son tashi da asuba tun da hunturu ya shigo, wani makanike a Sabon Gari ya ce ka canza baƙin mai, wani kuma a Kwangila ya ce hita ce, wato filogin da ke ɗumama cikin injin kafin a tada shi. Kowannensu da gaskiyarsa, sai dai ta mai maganar hita ta fi nauyi.

Injin gas ba shi da filogin tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, gas ya kama da kansa. Idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyin Disamba ko Janairu, shi ke shanye zafin nan. Aikin hita ke nan: cikin 'yan daƙiƙu bakinta ya yi jajir, zafinsa ya haura digiri 800. Tsofaffin injunan Hilux irin su 3L da 5L sun dogara da ita ƙwarai. Guda ɗaya ta mutu cikin huɗu, za ka ga mota ta tashi da kyarma da farin hayaƙi. Biyu suka mutu, wataƙila sai turi.

Shi baƙin mai ba ya ƙara wa injin zafi. Iyakarsa ya bar shi ya juya da sauri, ya kuma isa saman injin da wuri. Mai mai lambar kauri SAE 40 zalla, wanda ake aunawa a bakin titi, yakan yi kauri da safe kamar zumar da ta kwana a waje, ya wahalar da kik. 20W-50 ya ɗan fi shi. 15W-40 shi ne daidai da yawancin injunan gas a nan. Lambar da ke zuwa kafin W ita ke nuna halinsa a sanyi, kuma 15W a digiri 20 ƙasa da sifiri ake gwada shi, sanyin da ko a gonakin Shika ba a taɓa gani ba. Saboda haka kada a sa ka sayi 5W mai tsada, sai in littafin motar ne ya ce haka. Ka dai duba galan ka ga alamar inganci API CH-4 ko CI-4, don harafin C shi ne na gas.

Ni a ganina, fara da hita da batir, tunda sanyi na rage wa batir ƙarfi. Murɗa makulli, jira fitilar hita ta mutu, in sanyi ya yi yawa ka maimaita, sannan ka tada. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 15. Su kuma masu fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska, Allah ya shirye su, fistin suke kashewa.

Idan SAE 40 ne a ciki yanzu, ka koma 15W-40 a juye na gaba, a kuma kakkaɓe filtar iska, don ƙurar hunturu ba kaɗan ba ce.