Sharhi Kan Rangadin Ƙafa a Ƙauyen Eyam na Ingila

Na biya kuɗin rangadin ƙafa tare da ɗan jagora a Eyam, wani ƙaramin ƙauye a yankin Derbyshire, cikin tsaunukan Peak District, kuma ra'ayina shi ne tarihin annobar da ta auka wa wannan wuri ba ya shiga zuciya sosai sai mutum ya taka ƙasarsa da ƙafarsa.

Daga gidajen dutse da ke kusa da cocin Saint Lawrence muka fara. A ɗaya daga cikinsu ne George Viccars, mai taimaka wa tela, ya rasu a watan Satumba na 1665, bayan ya kwance ƙunshin yadi da aka aiko daga Landan ɗauke da ƙuma masu yaɗa annoba. Da cutar ta yi ƙamari a shekarar 1666, limamin cocin, William Mompesson, da wanda ya gabace shi, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a su killace kansu, ba shiga ba fita, domin kada ta bazu zuwa garuruwan maƙwabta irin su Sheffield. Mutum kusan 260 ne suka mutu, har da Catherine, matar Mompesson, wadda kabarinta ke harabar cocin, kusa da wani gicciyen dutse da ya haura shekara dubu. Duk wanda ya san hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka zai ji wannan labari a jikinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan jagorar bai tsaya ga baki kawai ba, ya kai mu har Dutsen Iyaka da ke kan hanyar ƙauyen Stoney Middleton. Dutsen yana da ƙananan ramuka inda mutanen Eyam ke zuba ruwan khal su saka tsabar kuɗi a ciki don tsarkake su daga cutar, maƙwabta kuma su ajiye musu abinci su juya. Idan ka tsaya nan ka hango ɗayan ƙauyen a ƙasan gangare, kusa ƙwarai, sai ka gane cewa gudu ba zai yi musu wuya ba, zama ne suka zaɓa. Haka kuma kaburburan Riley, can cikin makiyaya, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a watan Agusta na 1666. A nan jagoran ya rage magana, kuma na yaba masa da hakan.

Inda rangadin ya gaza shi ne batun haƙar dalma, sana'ar da ta riƙe ƙauyen shekaru aru-aru, wadda aka ambata da jimla biyu aka wuce, alhali ita ce ke bayyana dalilin zaman mutane a wannan tudu mai sanyi. Ba a kuma gargaɗe mu tun farko cewa hanyar tana da hawa da laka ba.

Duk da haka kuɗin bai tafi a banza ba. Mai niyyar zuwa ya sa takalmi mai ƙarfi, ya fara da ɗan gidan tarihin ƙauyen kafin rangadin, kuma idan da hali ya zaɓi Lahadin ƙarshe ta Agusta, ranar da ake addu'ar tunawa a kwarin Cucklett Delf, inda aka riƙa yin ibada a fili lokacin annobar.