Berlin da Falkland, amsar tambayarka kan barazanar ƙasashen dimokuraɗiyya

Salamu alaikum ɗan'uwa, ka tambaya ko gargaɗin da ƙasashen dimokuraɗiyya ke yi yana tsorata masu mulkin kama-karya ko ƙara musu ƙarhin gwiwa yake. Ni dai a ganina duka biyun na hwaruwa, kuma ba ƙarhin murya ke raba su ba, abin da ka aje ƙasa ne. Ka je kara nan Maraɗi ranar kasuwa, dillali ba ya kallon mai yawan taya rago da baki, wanda ya zaro kuɗɗi ya bada kahin alƙalami shi ake ɗauka da gaske.

Ɗauki Berlin tukuna. Watan Yuni 1948 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya toshe titi da hanyar jirgin ƙasa zuwa yammacin wannan birni na Jamus, ɓangaren da ke hannun Amurka da ƙawayenta, mutane wajen miliyan 2 a ciki, lissahinshi Amurka da Ingila za su gaji su tattara. Ba su harba harsashi ba, sai suka kama jigilar gawayi da fulawa ta jirgin sama dare da rana har cikin sanyin hunturu, sawu sama da dubu 200, matuƙa na mutuwa a haɗari amma ba a tsaya ba. Mayu 1949 shi da kanshi ya buɗe hanya, don abin da ya gani ba jawabi ba ne, kuɗɗi ne da rayuka ake zubawa kullum.

To Falkland kuma akasin haka ne, kuma shi ya hi ba ni haushi. Tsibirai ne a hannun Ingila can kusa da Ajantina, mutanen ciki ba su kai dubu 2 ba. 1981 gwamnatin Margaret Thatcher, matar da ke shugabantar gwamnatin Ingila lokacin, ta ce za ta janye jirgin ruwan sintirinta guda mai suna Endurance don tsimin kuɗɗi, kuma a hili aka yi ta gardamar a majalisa, sojojin da ke mulkin Ajantina, su Janar Galtieri, na saurare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga ai, 2 ga Afrilu 1982 suka hau tsibiran. Ashe matar da gaske take, ta turo jiragen yaƙi daga nisan kilomita sama da dubu 12, 14 ga Yuni Ajantina ta miƙa wuya, Galtieri ya sauka cikin kwanaki. Sojan Ajantina 649 da na Ingila 255 suka mutu. Niyyar tana nan tun hwarko, alamar ce aka bada ta banza.

Matsalar dimokuraɗiyya kenan, komi nata a tsakar gida take shanya shi, abokin gaba na karanta jaridarka yana jin 'yan adawarka. Mu ma mun ɗanɗana wani abu kamar haka, ko da yake ba ina haɗa mu da waɗancan ba. 30 ga Yuli 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba sojojin da suka yi juyin mulki nan Nijar wa'adin sati guda su sauka ko ta turo soja, kahin satin ya cika majalisar dattawan Najeriya ta nuna ba ta goyon bayan yaƙi, manyan Arewa ma haka, to wa zai ji tsoro kuma? Soja bai zo ba, amma takunkumin CEDEAO ya zo, kuran (wutar lantarki) ya ɗauke, an ruhe iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, buhun shinkahwa ya tashi, sai Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin.