Gaɓa-gaɓa ko sauti-sauti: wacce ta fi wajen koya wa yara gajerun wasulan Turanci?

Malama, tambayarki ita ce: yaranki na aji ɗaya suna karanta ba be bi bo bu babu tangarɗa, amma da kin rubuta musu cat, cot da cut sai lissafi ya kwance, wasu su furta ukun iri ɗaya, wasu su ce "kut". Kina son ki san ko za ki ci gaba da hanyar gaɓa, ko ki koma hanyar sauti ɗaya-ɗaya irin ta Jolly Phonics.

Amsar a taƙaice ita ce, hanyar gaɓa ta Hausa ce, kuma a Hausa ba ta da na biyu. Wasulan Turanci kuwa sai an bi su sauti-sauti, kuma kunne ne zai fara aiki kafin ido. Ga yadda hanyoyin biyu suke idan aka jera su.

Hanyar gaɓa tana ɗaukar baƙi da wasali a matsayin abu guda. Yaro ya riƙe ka, ya riƙe za, ya haɗa ya sami kaza. Tana tafiya lafiya ne saboda yawancin kalmomin Hausa a kan wannan tsarin suke, baƙi da wasali, baƙi da wasali, kuma wasulanmu biyar ba sa yaudara: inda duk aka ga u, u za a furta, sai dai a ja shi ko a gajarta shi. Yaron da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru a makarantar allo ma ya san wannan tsarin tun kafin ya zo ajinki. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato ya fara wa yara karatu ne da Hausa, kuma dalilin a fili yake: yaro ya fi saurin gane cewa rubutu magana ce idan maganar tasa ce.

Hanyar sauti kuwa tana raba kalma zuwa ƙananan sautukanta, a koya wa yaro kowanne shi kaɗai, sannan ya haɗa su daga hagu zuwa dama: s, a, t, sat. Jolly Phonics, wanda wata malamar firamare a Ingila mai suna Sue Lloyd ta tsara tare da Sara Wernham, ya kasa sautukan Turanci 42 zuwa rukuni 7. Gajerun wasula biyar duk suna cikin rukunai uku na farko: a da i a rukunin s a t i p n, e a rukuni na biyu tare da c, k, h, r, m, d, sai o da u a na uku tare da g, l, f, b. Ba a bin jerin abacada. An zaɓi haruffa shida na farko ne don yaro ya iya karanta kalmomi na gaske tun a makonnin farko: sit, pin, tap, pan.

Inda hanyar gaɓa take karyewa a Turanci shi ne harafin u. Yaron da ya haddace bu, su, ku, idan ya ga but zai ce "but" da u ta Hausa, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa ya yi. Rubuta masa sun a allo ki gani: zai karanta miki "sun" ta sun tafi. Rubuta can, zai ce "can" ta can nesa, domin c a Hausa sautinta daban. Haka bin da man da ran, duk kalmomi ne da yake da su a Hausa, ido yana gani baki zai tafi inda ya saba. Hanyar sauti ba ta da wannan tarkon, saboda tun farko ta gaya wa yaro cewa a wannan darasin ga abin da harafin nan yake cewa.

Akwai wani ruɗani da yake kama malamai kansu. Da an ce gajeren wasali, Bahaushe zai tuna bambancin gari na zama da gari na tuwo, wato ja da rashin ja. A Turanci ba haka ba ne. Wasalin hat da na hate sautuka biyu ne mabambanta, ba guda ne aka ja ba. Don haka gaya wa yaro "ka gajarta shi" ba ya gyara komai. Abin da zai gyara shi ne ya san yadda bakinsa zai kasance.

A nan ya kamata ki daɗe, domin nan ne aikin yake. Wasalin cat yana son a buɗe baki sosai, haɓa ta sauka, leɓe ya ɗan baje kamar za a yi murmushi. Yatsu biyu na yaro a jere za su shiga tsakanin haƙoransa. Wasalin bed buɗewarsa rabin wancan ce, yatsa ɗaya. Wasalin sit baki kusan a rufe, a sake, ba a matse shi kamar i ta kifi. Wasalin cot a furucin Ingila baki a buɗe, leɓe a ɗan tattare. Shi kuwa wasalin cut, ga albishir: ya fi kusa da gajeren a na Hausa, irin na nan da tas. Ki tuna yadda muka ari bus muka ce bas, muka ari pump muka ce famfo. Kunnen Bahaushe sautin a ya ji a wurin. To ki gaya wa yara kai tsaye: u ta Turanci a cikin bus ita ce a ta bas. Amma wannan sauƙin shi ne kuma yake haifar da matsalar da kika gani, domin idan yaro ya yi amfani da a ta Hausa a cut, ya sake amfani da ita a cat, sun zama ɗaya ke nan. Saboda haka wasalin da yake buƙatar horo na gaske shi ne na cat, ba na cut ba. A kudancin Najeriya an fi haɗe cut da cot, shi ya sa yaron da yake jin furucin malamai daban-daban yake ƙara rikicewa. Ƙaramin madubi guda ɗaya da zai zagaya benci-benci yana aiki ƙwarai a wannan matakin.

Ita ma hanyar sauti tana da nata raunin a wurinmu, kada a ɗauka magani ce a gonar yaro. Na farko, malami yakan manna wa baƙi wasali ba tare da ya sani ba, ya ce "ka", "ta", "ba" a maimakon k, t, b tsirara. Yaro ya haɗa abin da ya ji sai ya sami "ka-a-ta". Idan wannan ya faru, hanyar gaɓa ce aka dawo da ita ta bayan gida. Maganinsa a fara haɗawa da sautukan da ake iya ja, s, m, n, f, l, r, a ja su a zarce cikin wasalin ba tare da an yanke numfashi ba: sssaaat. Na biyu, yaranmu sukan ƙara wasali a ƙarshen kalma, su ce "bedi", "kati", kamar yadda bank ta zama banki, bench ta zama benci. Amma Hausa tana da kalmomin da suke rufewa da baƙi mai tsayawa: fari fat, ɗaya tak. Ki sa su faɗi "fari fat" sau uku, sannan su ce sat, pat, mat da irin wannan rufe bakin. Na uku, motsin jiki da ake haɗawa da kowane sauti, tururuwa tana hawa hannu don a, fasa ƙwai don e, buɗe lema don u, an tsara su ne ga yaron da ya riga ya san ant da egg da umbrella. Naki bai sani ba. Sai kin fara nuna masa hoton, kin koya masa sunan abin da Turanci, sannan motsin zai zama abin tuni. In ba haka ba wasa kawai yake yi da hannu.

Gyara ɗaya kuma da za mu ba ki shawara a kai: a rukuni na uku o da u suna biye da juna. Ga yaran da suke haɗe su, ki raba su da aƙalla mako guda. Haka e da i, kada su zo a mako ɗaya.

Sunayen haruffa ki ajiye su gefe tukuna. Sunan E da Turanci shi ne sautin i na Hausa, sunan A ya yi kama da e, sunan I kuma ai ne. Yaron da yake fama da wannan tare da gajerun wasula kaya ya yi masa yawa. Ki kuma duba hoton abacada da ke manne a bangon ajinki. Idan an sa ice cream a ƙarƙashin I, ko uniform a ƙarƙashin U, ko eagle a ƙarƙashin E, yana rushe abin da kike ginawa. Ki liƙa ink da umbrella da egg a kansu.

Ga yadda darasin minti 20 zai kasance. Minti 3 na farko bitar sautukan da aka riga aka yi, kina ɗaga kati suna faɗa da sauri. Minti 5 na kunne zalla, ba allo ba alli: ki furta kalmomi biyu da wasali kaɗai ya raba su, su nuna ko ɗaya ne ko daban. Ki fara da waɗanda suka yi nisa da juna, sat da sit, pan da pin, tap da tip. Bayan sun zauna sai a da o, sannan pen da pan, pen da pin, a ƙarshe cap da cup, bag da bug, hat da hut. A aji mai yawan yara amsar baki ɗaya tana ɓoye wanda bai gane ba, don haka ki yanka kwali ki ba kowane yaro katuna biyu kawai, na wasulan da ake gwadawa a ranar, ya ɗaga wanda ya ji. Da kallo ɗaya za ki ga masu jiran su ga abin da na kusa ya ɗaga. Minti 7 na haɗa sauti a allo, kalmomi 6 zuwa 8, wasalin da alli mai launi. Ki riƙa canza wasalin kaɗai: hat, hit, hot, hut. Minti 5 na ƙarshe shifta: a zana gida uku a jere a littafi, a ajiye murfin kwalba uku, ki faɗi kalma, yaro ya tura murfi ɗaya ga kowane sauti, sannan ya rubuta harafin a gidansa. Kuskuren kusan kullum a gidan tsakiya za ki same shi, kuma shi ne zai gaya miki darasin gobe. Sabon sauti uku a mako ya isa, sabon wasali kuwa kada ya wuce ɗaya.

Karatun Hausa da gaɓa ki ci gaba da shi, amma a lokacinsa daban, kuma in da hali a gefen allo daban. Ki faɗa musu a fili duk lokacin da za a sauya: yanzu Turanci za mu shiga, u za ta canza murya.

Ran Juma'a ki gwada su ɗaya bayan ɗaya da kalmomi 10, biyar na gaske, biyar na ƙirƙira irin su nop, mip, dut. A Ingila tun 2012 ake yi wa yaran aji ɗaya gwajin kalmomi 40 wanda rabinsu ƙirƙirarru ne, domin kalmar da yaro bai taɓa gani ba ce take nuna ko sauti yake karantawa ko hadda ce. A naki gwajin, wanda ya sami 8 cikin 10 ya wuce zuwa wasali na gaba. Wanda ya gaza, ki duba wane wasali ya musanya da wane, ki mayar da shi aikin kunne da waɗannan biyun kaɗai na kwana uku. Idan pan ya ce fan, kada ki lissafa masa shi a kuskuren wasali, wannan matsalar p da f ce, darasinta daban.