Sharhi kan darussan intanet game da horo da dokokin sansani a rundunar Makidoniya

Na biya kuɗin waɗannan darussa ne da zaton zan ji labarin yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, sai na tarar malamin ya fi mai da hankali kan yadda ake tafiyar da soja kafin a kai fagen daga, kuma ban yi da-na-sani ba.

Darussan farko sun tsaya kan Filibus na Biyu, mahaifin Iskandar, wanda ya karɓi mulkin Makidoniya a shekarar 359 kafin haihuwar Annabi Isa. Marubutan da suka zo bayansa sun ruwaito cewa ya hana sojoji amfani da amalanke, ya kayyade bara ɗaya ga kowane dakaru goma, sannan ya riƙa sa su doguwar tafiya ɗauke da makamansu da guzurinsu. Har akwai ruwayar wani hafsa ɗan birnin Tarentum na kudancin Italiya da aka tuɓe saboda ya yi wanka da ruwan zafi.

Inda kuɗina ya fi biya shi ne darasin dokar da aka samu rubuce a jikin dutse a birnin Amfifolis, ta zamanin Filibus na Biyar, wani sarkin Makidoniya na baya-bayan. Malamin ya bi ta layi-layi, ba gaggawa. Sojan da aka kama ba garkuwa tararsa drakma ɗaya ce (kuɗin azurfa na Girkawa), wanda ba shi da dogon mashin da ake kira sarisa ko takobi zai biya obol uku, wato rabin drakma, na kwalkwali kuwa obol biyu, kuma ana ninka wa hafsoshi. Masu sintiri suna zagayawa da dare ba tare da fitila ba, duk mai gadin da suka iske zaune ko yana barci ya biya drakma. A nan na gane cewa ladabin rundunar ya fi kama da lissafin ɗan kasuwa fiye da kirarin jarumta.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yadda malamin yake jingina wannan doka ga sojojin Iskandar kamar tasu ce, alhali akwai fiye da shekara ɗari tsakani. Boren da sojojin Iskandar suka yi masa a garin Opis a shekarar 324 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka kashe mutum 13, minti kaɗan ya samu. Bidiyon kuma yana cin data ainun, sai da na koma sauke murya kawai.